Ɗinya ta koma ƙullin leda: yadda katanga ta cinye dajin yaran Zongon Lome

Duk wanda ya bi bakin titin Zongo da la'asar zai ga faranti-faranti a gaban mata da 'yan talla: magarya, aduwa, goriba, kanya, garin kuka, wani lokaci har da taura. An ƙuƙƙulla su a 'yar farar leda, akwai na dala biyar, na dala goma, na dala ashirin. Yara su taso daga makarantar allo su saya, su tsotse, su tofar da ƙwallon. Amma tsayar da ɗaya daga cikinsu ka ce ya kwatanta maka bishiyar abin da ke bakinsa, sai ya tsaya yana kallonka kamar ka yi masa Jamusanci.

A kan aduwa da goriba ba zan ga laifin yaro ba, don dama ba 'yan nan ba ne. Daga Nijar da Burkina Faso suke zuwa, a saman manyan motocin da ke dawowa tashar Terminal du Sahel da ke gefenmu. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023 da rufe iyakarta da Benin, kayan Yamai da yawa ta tashar jirgin ruwan Lome suke bi, su ratsa Burkina cikin jerin gwano da rakiyar soja, direba ya yi makonni bai ga gida ba. In ya dawo da ɗan buhun aduwa tsaraba, ai ta sha tafiya. Abin da ke damuna shi ne ɗinya, tsamiyar biri, tsadar Masar, gwandar daji da kuka. Waɗannan mu da ƙafarmu muka je muka tsinko su, kyauta, a wuraren da yau gidaje ne da shaguna da garejin gyaran babur.

Baƙon da ya zo daga Legas ko Abijan yakan yi mamakin ganin kuka tsaye a kusa da teku. Dalilin kuwa shi ne gaɓar tekun nan, tun daga wajen Akra har zuwa Kwatano, ba kurmi ba ce. Wani tsagi ne da dajin arewa mai ciyawa ya ratso ya raba kurmin Afirka ta Yamma gida biyu, ya zo har bakin ruwa. Ruwan saman da Lome ke samu a shekara yana tsakanin milimita 800 zuwa 900, kusan irin na Kano, alhali Legas na samun kusan ninki biyu. Bambancinmu da Kano shi ne namu ruwan a kashi biyu yake zuwa: babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli, sai ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Saboda haka fataken goro da suka sauko nan a ƙarshen ƙarni na 19, wasu daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, wasu ta Keta, sun tarar da itatuwan da suka baro a gida suna jiransu: kuka, ɗinya, giginya, tsamiya. Shi kansa sunan garin daga itace aka samo shi. Mutanen Ewe sun ce asalinsa Alotime, wato cikin itatuwan alo, wani ɗan itace da ake yin asawaki da shi.

Tsohon Zongo a tsakiyar gari yake, kuma tun zamanin Jamus, waɗanda suka mai da Lome hedkwatarsu a 1897, ake ta matsar da shi gaba duk lokacin da gari ya cim masa. A 1977 aka kawo motocin rusau aka baje shi, aka kwaso mutanensa zuwa Togblekope, wajen kilomita 15 arewa da gari a kan hanyar Arewa, inda a yau ake cewa Agwe Zongo. A tsohon wurin kuma manyan gine-ginen bankuna suka tashi. Goggona, ƙanwar mahaifina, tana cikin waɗanda aka kwaso. Ta sha ba mu labarin cewa daminar farko a nan ba a cewa komai: ga sauro, ga ruwan kogin Zio da ke malalowa, ga kasuwa ta yi nisa, mai gida ya fita da asuba sai dare. Takan ce, "Ɗan nan, daji aka zubar da mu, kuma dajin ne ya riƙe mana yara." Kafin a ɗora tukunya yaro ya riga ya cika cikinsa da abin da ya tsinto.

Ni a nan aka haife ni, na kuma yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, lokacin da tsakanin gidan ƙarshe na Zongo da fadamar Zio gonakin rogo ne da masara da saura. Ranakunmu su ne Alhamis da Juma'a da safe in babu karatun allo, ko lokacin hutun lakwal. Ba mu da kalanda, amma kowa ya san zagayen shekara ta bakinsa. Da hunturu ya shigo, kuka ta zubar da ganye, sai jifa. A fasa, a tsotsi garin, abin da Ewe ke kira alangba. Daga Janairu har zuwa faɗuwar ruwa lokacin tsamiyar biri ne, wadda maƙwabtanmu ke cewa atitoe, 'yar baƙa mai laushin karammiski a waje, ciki ja-ja mai tsami da ɗan zaƙi. Damina ta kawo tsadar Masar, rawaya, mai ƙamshin da za ka ji shi kafin ka ga bishiyar, da gwandar daji a cikin saura. Sai wajen ƙarshen damina sarauniyarsu ta fito.

Ɗinya kenan. Wanda bai san ta ba, in ya ga yaro ya gama ci zai ɗauka tawada ya sha: baki baƙi ƙirin, haƙora baƙi, gaban riga kuwa sai dai uwa ta yi haƙuri. Tana fitowa koriya da ɗigo-ɗigon fari, in ta nuna ta koma baƙa mai sheƙi, girmanta kamar ƙaramin dabino, da ƙwallo mai tauri a ciki. Wadda ta nuna a sama faɗowa take da kanta, don haka mai sammako shi ke cika kwano. Mu da ba mu da haƙuri mukan kaɗo ɗanyarta, mu zo gida mu rufe a tukunya ko mu binne cikin toka, bayan 'yan kwanaki ta yi baƙi. Kowa da inda yake ɓoye tasa, kuma satar ɗinyar da aka binne ta haddasa dambe tsakanin wa da ƙane ba sau ɗaya ba.

Manya kuma nasu amfanin ya wuce namu. Tsofaffin mata na dafa ruwan ɗinya har ya yi kauri ya zama maɗi, daga maɗin a yi alewa. Tohon ganyenta, wato ɗinkin, ana dafa shi a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, kuma mutanen kudancin Togo da Benin ma suna miya da shi, har a kasuwa ake sayarwa. Almajirai a ƙasar Hausa sun daɗe suna dafa ganyenta da ƙaro su yi tawada. Ƙudan zuma na son furenta. Itace guda, ga abinci, ga kayan zaƙi, ga tawadar rubuta allo, ga inuwa. Da a ce daga Turai aka kawo ta da sunan Faransanci, da yanzu tana cikin kwalba a manyan kantuna ana sayar mana da tsada. Ba wasa nake ba: garin kukar da muke wasa da shi, tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta a matsayin abinci, ga shi kuma bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemon zaƙi.

To ina itatuwan suka tafi? Ba wata annoba ce ta kashe su ba, fili ne ya yi daraja. Ƙidayar 2022 ta nuna Lome da kewayenta na da mutum sama da miliyan 2 da dubu 100, a ƙasar da duka-duka mutanenta miliyan 8 ne da 'yan kai. Garin ba shi da wajen faɗaɗa ta kudu saboda teku, ta yamma kuma iyakar Gana ce, don haka arewa ya nufo, wato kanmu. An yi babbar hanyar da ta kewaye gari, an buɗe yankin masana'antu na Adetikope a 2021, gonakin da muka sani aka yayyanka su fuloti-fuloti, kowane cikakken fuloti murabba'in mita 600. Kuma kowa a garin nan ya san ciwon sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku. Ko dokar filaye ta 2018 ba ta hana ka ganin bango da rubutun jan fenti cewa wannan fili ana shari'a a kansa ba. Saboda wannan tsoro, ranar da mutum ya biya kuɗi, washegari zai turo masu adda da injin yankan itace su share komai, a kafa duwatsun iyaka, a ja katanga. Bishiyar da ta shekara 60 tana ciyar da unguwa ta zama buhunan gawayi kafin Juma'a ta zagayo. Ban ce mai fili ya yi haramun ba, filinsa ne. Amma na ga filaye da yawa da aka share shekara 10 da suka wuce, har yau ba a ɗora bulo ɗaya a ciki ba, sai ciyawa da leda da macizai.

Ita tsamiyar biri ma wata masifar ce ta same ta. 'Ya'yanta a can ƙarshen rassa suke, bishiyar kuma doguwa, don haka masu kai ta kasuwa ba sa ɓata lokacin tsinka, sare reshen suke ɗungurungum. A 'yan shekarun nan da azumi ke faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, daidai lokacinta, mata na jiƙa ta su yi abin shan buɗa-baki, kasuwarta ta buɗe, saran ma ya ƙaru. Bishiyar da aka yi wa aski irin wannan sai ta ɗau lokaci kafin ta sake yin 'ya'yan kirki.

Da asarar ta tsaya a kan kwaɗayin baki, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya tafi tare da itatuwan shi ne sani. A zamaninmu ba ka shiga saura kai kaɗai; akwai babban yaro a gaba, shi ma wani ya koya masa, kuma kafin ya nuna maka abin ci sai ya nuna maka abin da ba a taɓawa. Yaran yanzu sha'awar tsinka tana nan a jikinsu, don yaro yaro ne, amma mai nuna musu babu, kuma abin da ya rage a kangaye da bakin katanga yawanci shi ne mai cutarwa.

Bara waccan a layinmu yara biyar suka kwana a asibiti. Bini da zugu suka samu a shingen wani kango, suka fasa, suka ji ƙwayar tana da gardi kamar gyaɗa, suka ci suka ƙoshi. Kafin magariba amai da gudawa sun kama su gaba ɗaya. Allah ya taƙaita, an ƙara musu ruwa sun tashi, amma ƙaraminsu ya galabaita ƙwarai. Babu ɗaya cikin biyar ɗin da ya taɓa jin sunan itacen, kuma biyu daga cikin iyayen ma sai a ranar suka san shi. Haka idon zakara, 'yan ƙwayoyin nan ja masu ɗigon baƙi da yara ke wasa da su: in an tauna guba ce mai kisa. Haka ƙwayar zurman, haka zaƙami. Akwai kuma wani ɗan itacen ado mai siraran ganye da fure rawaya kamar ƙararrawa, wanda ake shukawa a ƙofar gida da farfajiyar makarantu. Farin ruwansa da ƙwallonsa duka suna taɓa zuciya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ake ci, wato gwanja kusa. Kakanninmu fatake ne suka raɗa mata wannan suna, don in ayari ya fara ganinta a hanya ya san ƙasar Gwanja, kasuwar goro, ta kusa. Tana nan a gidaje da bakin hanya a kudancin Togo, 'ya'yanta ja, in sun nuna su tsage gida uku, baƙaƙen ƙwallaye masu sheƙi su leƙo, kowanne zaune a kan wani farin nama mai maiƙo. Wannan naman shi ake ci, kuma daga nan Afirka ta Yamma aka kai ta Jamaika a ƙarni na 18 har ta zama abincin ƙasa a can. Sharaɗinta ɗaya ne mai tsanani: sai wadda ta buɗe da kanta a kan bishiya, a cire ƙwallon, a cire jan zaren da ke manne da naman. Wadda ba ta buɗe ba tana ɗauke da gubar da ke zubar da sukarin jinin mutum, yaro ya kama amai, ya shiga jijjiga, ya suma, kuma ta fi yi wa yaron da cikinsa ba komai illa. A farkon 1998 a kudu maso yammacin Burkina Faso yara ƙanana 29 suka rasu, masu bincike kuma suka danganta mutuwar da cin ɗanyarta. A unguwa irin tamu, yaron da ya faɗi yana jijjiga da yawa za su ce iska ce, a tsaya neman rubutu da hayaƙi. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A ɗauki yaron nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci don likita ya gani, in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari a hanya. Ɗura masa manja ko madara da tura masa yatsa a maƙogwaro ba magani ba ne.

Ko abin da ba guba ba ne a asalinsa, wurin da ya fito ma abin dubawa ne yanzu. Masu filaye sun koma feshin maganin ciyawa maimakon noma; gwamnati ta haramta glyphosate a ƙarshen 2019, amma magungunan feshi iri-iri ba su bar kasuwa ba. Ga fadamar Zio da ke kwashe ruwan kwatocin unguwanni duk damina, wanda ya ga ambaliyar 2008 da ta karya gadoji a hanyar Arewa ya san iyakar inda ruwan nan ke kaiwa. Abin da aka tsinta a ƙasa a irin wuraren nan sai an wanke, wanda jemage ya gutsura kuwa a bar masa kayansa.

Sai maganar maƙwabta, wadda a wurinmu ba ƙarama ba ce. Mu tsiraru ne a garin nan, a ƙasar mutane aka sauke mu, kuma masu ƙasar suna da itatuwan da suke girmamawa. Dajin tsafin Be yana nan a tsakiyar Lome, gari ya kewaye shi amma ba a shiga sai masu shi. A ƙauyukan da ke gefenmu ma za ka ga kuka ko wata babbar bishiya an ɗaura mata farin ƙyalle, an zuba manja da gari a gindinta. Ranar da Goggo ta ji mun doshi irin wannan, ba ta yi mana wa'azin shirka ba, don ta san ba bauta za ta kai mu ba. Cewa ta yi, "Ku bar musu abinsu. In ɗansu ya shigo masallacinku da takalmi za ku ji daɗi?" Mu ba mu yarda itace na da wani iko ba, amma zaman lafiyar da ke tsakaninmu da Ewe ya fi 'ya'yan kuka tsada.

Malamanmu ma sun bambance: abin da ya tsiro a dajin da ba na kowa ba, na wanda ya riga kai hannu ne, abin da ke cikin mallakar wani kuwa sai da izininsa. A da kashi na farko ya fi yawa. Yau kusan kowace bishiyar da ta rage tana da mai ita, ko da katangar ba ta kai gwiwa ba. Dutse ɗaya da yaro zai jefa wa mangwaro ya sauka a kan kwanon wani ko gilashin motarsa, ba za a ce ɗan wane ba, za a ce yaran Zongo, magana ta kai ga jandarma. Abin mamaki, in yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa ya gaida mai gida da Mina ya roƙa, da wuya a hana shi. Sau da yawa ma matar gidan ce za ta ɗauko masa gora mai ƙugiya.

A shekarar da aka rushe tsohon Zongo, 1977, a ita ce gwamnatin Janar Eyadema ta ware 1 ga Yuni a matsayin ranar dashen itace, kuma har yau ana yi, ga kuma burin da hukuma ta sa na dasa itace biliyan 1 kafin 2030. Kowace shekara muna ganin manya a talabijin da shebur da butar ban-ruwa. Abin da ake dasawa a gari yawanci itatuwan inuwa ne da na katako, masu saurin girma, kuma ba laifi. Amma mu Zongo ba mu cika shiga wannan rana ba, kamar bikin ma'aikatan gwamnati ne kawai, alhali mu ne muke da hadisai a baki kan ladan wanda ya dasa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba za su ci.

Filin da ya rage wanda ba na mutum ɗaya ba shi ne harabar masallatai, farfajiyar makarantun Islamiyya da na Faransanci da Larabci, da gefen filin Idi. Nan ya kamata ɗinya da 'yan uwanta su koma, kowacce da ɗan allo a jikinta ɗauke da sunanta da Hausa, da boko da ajami, da Ewe, da Kotokoli, don yaran Zongo ba Hausawa kaɗai ba ne. Malamin da ke da almajirai 50 zai iya ɗaukar safiyar Alhamis ɗaya a wata ya zagaya da su, ya nuna musu bini da zugu da gwanja kusa ido da ido.

Aikin kansa ba duka ne mai wuya ba. Tsadar Masar reshe kawai ake sara a kafa a ƙasa da damina, ta kama. Ƙwayar kuka in an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana tana tsirowa, kuma tun tana ƙarama za a fara tsinkar ganyen miya. Magarya akwai wadda ake yi wa aure a Nijar da Mali da Burkina, mai manyan 'ya'ya, ya cancanci wani direbanmu ya taho mana da ita a gwada. Ɗinya ce mai taurin kai: ƙwallonta na daɗewa a ƙasa bai fashe ba, da yawa ma ba sa fitowa, sai an ɗan fasa ɓawon ko a nemi tohon da ke fitowa daga saiwar uwar, sannan a jira shekaru kafin a ga 'ya'ya. Kuma duk wanda zai dasa wani abu a Zongo ya fara tanadin bulo ko waya ya kewaye shi tukuna, don tsakanin awakin unguwa da ragunan Layya da ake ɗaurewa a jikin duk abin da ya tsaya a tsaye, dashen da ba shi da kariya ba ya ganin ƙaramar damina.